Machina, Inda Rana Ke Gwada Ƙarfin Na'ura

Duk wanda ke son ya san iyakar ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki, wadda jama'a ke kira iyakwandishan, to, kada ya tsaya ga abin da aka rubuta a jikin kwalinta. Ya ɗauke ta ya kai ta arewacin Jihar Yobe cikin watan Afrilu ko Mayu, ya kafa ta a Machina ko Nguru ko Gashuwa, sa'an nan ya zauna ya jira azahar. A wannan yanki, idan bazara ta kankama, zafi yakan haura digiri 40 kusan kullum, iska ta bushe ƙayau, yashi ya ɗauki zafi har takalmin roba ya yi laushi a ƙafa. Wannan ba abin Yobe kaɗai ba ne, gama duk ƙasashen da ke bakin Sahara haka suke fama. Ran 3 ga watan Afrilu na 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Cikin irin wannan lokaci ne tafiya ta kai ni Machina. Abin da na gani can game da wani ɗakin ƙarfe da na'urar sanyaya shi, shi nake son in bayyana wa mai karatu, domin tambayar da ta tashi a wurin tana tashi a gidaje da kantuna da ofisoshi da yawa na ƙasar nan. Tambayar ita ce, idan na'ura ta gaza, sayen wadda ta fi ta girma shi ne magani?

Hanyar Nguru

Mai zuwa daga Kano yakan ratsa Jihar Jigawa ya bi ta ƙasar Haɗeja, ya wuce Birniwa, kafin ya shiga Yobe. Tun a hanya mutum zai ga ƙasa tana sauya kama. Itatuwa suna raguwa, gawo da aduwa da goruba suna maye gurbin manyan itatuwan kudu, gonaki kuwa sun zama fili fetal, sai karan gero da aka bari dabbobi suna kalar abin da ya rage.

Nguru tsohon gari ne. A zamanin da nan ne mazaunin Galadiman Borno, wanda ke tsaron yammacin daular. Cikin 1930 hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta iso garin, a nan kuma ta tsaya, sai Nguru ta zama matattarar gyada da ƙaro da fatu da shanu. Daga nan ne aka riƙa loda busasshen nama zuwa kasuwannin kudu. Mahautan Nguru ba su jira firji ba, wuta da rana da busasshiyar iska suka sa su yi musu aikin adana nama. A gefen garin kuma akwai dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke tahowa daga Turai su yi hunturu, wanda aka shigar da wani sashe nasa cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a shekarar 2000. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa ta 1992, sun rage ambaliyar da ke shayar da wannan dausayi, amma har yanzu wanda ya tsaya bakin ruwan da yamma zai ji iska mai sanyi tana shafar fuskarsa.

Daga Nguru hanya ta miƙe arewa maso yamma zuwa Machina. Ana barin gari sai ruwa ya ɓace, yashi ya karɓi ƙasa.

Garin duwatsu da macizai

Machina tana can ƙuryar jihar, Jamhuriyar Nijar tana arewa da ita, Jigawa kuma tana yamma. Kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe ran 27 ga watan Agusta na 1991, duk yankin yana cikin Jihar Borno. Yawancin mutanen garin Mangawa ne, watau wani reshe na Barebari, amma Hausa tana gudana a kasuwa kamar yadda take gudana a Gumel. Sarkinsu ana ce masa Mai Machinama, masu tarihin garin kuma suna cewa sarautar ta haura shekara dubu.

Abu na farko da ke ɗaukar idon baƙo shi ne duwatsu, waɗanda suka tashi tsakiyar yashi kamar an ɗauko su daga wata ƙasa an ajiye. Na biyu kuwa labarin macizai. Mutanen garin suna riƙe da cewa akwai zumunci tsakanin gidan sarauta da macizan wurin, saboda haka ba a kashe su. Wani dattijo da muka zauna da shi a gindin darbejiya ya ce mini, “Malam, ka lura da su da kyau. Da rana ba za ka ga ko ɗaya a fili ba, suna ƙarƙashin dutse. Ko maciji ya san ba a faɗa da rana tsirara.” Na riƙe maganar nan, domin ba da jimawa ba na ga amfaninta.

Ɗakin da mota ke ja

A bayan gari na tarar da wasu ma'aikata masu haƙa rijiyar burtsatse, sun yi sansani. Mazauninsu wani ɗaki ne na ƙarfe mai tayoyi, wanda ake ɗaura wa mota a baya ta ja shi duk inda aiki ya kai su. Tsawonsa kamar mita 6, faɗinsa kamar mita 2 da rabi. Ciki akwai gadaje huɗu, biyu bisa biyu, da ɗan teburi, da akwatin takardu. Irin waɗannan ɗakuna ba baƙi ba ne a Arewa, ana ganinsu wurin masu gina hanyoyi da masu aikin ruwa da sauran waɗanda aikinsu ba ya zama wuri guda.

Asalin irin wannan ɗakin tafi-da-gidanka ya fi yawa a Amurka, inda iyali kan ja shi su tafi hutu da shi, yawancinsu kuma a yankin garin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Can, na'urar sanyi a bisa rufi ake ɗora ta, a kan wata kafa mai inci 14 tsawo da 14 faɗi, kuma girman kafar ɗaya ne ko na'urar ƙarama ce ko babba. Saboda haka mai ɗaki yana iya cire mai ƙarfin 13,500 a ma'aunin da ake kira BTU ya ɗora mai 15,000 ba tare da ya yanke rufi ba. Amma ko can sai ya duba ko wutar da ɗakin ke karɓa za ta ɗauka, gama wasu ɗakunan amfiya 30 suke ja, wasu 50. A nan gida ba mu auna na'ura da BTU a kasuwa, da ƙarfin doki muke aunawa. Mai doki ɗaya tana daidai da BTU 9,000, mai ɗaya da rabi 12,000, mai doki biyu kuwa 18,000.

Ɗakin waɗannan ma'aikata da na'ura mai doki ɗaya ya zo. Shugabansu ya ce mini sun yi aiki da ita a wurare da dama lokacin damina da hunturu, ba su taɓa kuka da ita ba. Da suka iso Machina cikin bazara, sai ta zama kamar fanka. Tun daga hantsi har bayan la'asar tana ta ƙugi ba hutawa, amma wanda ya shiga ɗakin sai ya fito jiƙe da gumi. Da dare ma ƙarfen yakan daɗe bai huce ba. Mutumin da bai yi barci ba kuwa, gobe ya tashi ya kama injin haƙa mai jujjuya bututun ƙarfe, ransa da na abokan aikinsa ne ke cikin haɗari. Don haka suka yi shawara, suka aika Nguru aka sayo mai doki biyu, aka cire tsohuwar aka kafa sabuwar.

Abin da babbar na'ura ta zo da shi

An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ba kowa ne mai sayen babbar na'ura ke sanin abin da za ta nema daga gare shi ba. Ranar da aka kunna ta, janaretansu ya yi wata irin ƙara, ya shaƙe, ya mutu. Aka sake tayarwa, aka sake kunnawa, ya sake mutuwa. Da aka samu ta tashi bayan an kashe duk sauran kayan wuta, sai wayar da ke kai mata wuta ta ɗauki zafi har ana jin warin roba.

Mai gyaran da ya zo daga Nguru ya zauna ya yi wa shugaban ma'aikatan bayani ina saurare. Ya ce, “Oga, na'urar nan lafiyarta ƙalau. Doki biyu ka sayo, amma abincin doki ɗaya ka tanada.” Bayaninsa kuwa gaskiya ne. Na'ura mai doki ɗaya takan ja wuta ƙasa da wat 1,000 idan tana aiki, mai doki biyu kuwa takan kusa ninka haka. Bayan wannan, injin da ke matsa iskar gas a cikinta, watau kwamfuresa, a daidai lokacin da zai tashi yakan fizgi wuta ninki uku ko fiye na abin da yake ci idan ya daidaita. Wannan fizga ta ƙiftawar ido ita ke kashe ƙaramin janareta. Wayar da aka ja domin ƙaramar na'ura kuma ta yi siriri ga babba, idan aka bar ta haka gobara ce ke jira.

Sai ga shi sayen na'ura ɗaya ya haifi saye uku. Aka canja waya da mai kauri, aka canja makatsar wuta, aka yi hayar janareta babba. Babban janareta kuma babban ciki gare shi. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu na 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Janaretan da zai riƙe na'ura mai doki biyu yakan sha wajen lita guda a sa'a ko fiye. Mai karatu ya yi lissafin sa'o'in zafi na yini guda, ya ninka da kwanakin bazara, zai ga kuɗin mai ya kusa cinye kuɗin na'urar kanta.

Duk da haka, sanyin da aka samu bai kai yadda aka zata ba. Dalili ɗaya shi ne, yawancin na'urorin da ke kasuwa ana auna ƙarfinsu ne a lokacin da zafin waje yake digiri 35, abin da masu ƙera su ke yi wa alama da T1. Akwai waɗanda aka yi domin ƙasashe masu tsananin zafi irin na Larabawa, masu alamar T3, waɗanda ake gwadawa a digiri 46. Na'ura ba ta ƙirƙirar sanyi, zafin ɗaki take kwasa ta zubar waje. Idan wajen ma ya yi zafi ƙwarai, zubarwar takan yi mata wuya, ƙarfinta ya ragu, cin wutarta ya ƙaru. Ga kuma ƙurar Machina, wadda cikin 'yan kwanaki take toshe ragar da iska ke bi.

Lissafin rufi

Babban dalilin kuwa yana bisa kansu, watau rufin ɗakin. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, hasken rana yakan sauke ƙarfin da ya kai wajen wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Rufin da ke da mita 6 da mita 2 da rabi murabba'in mita 15 ke nan, watau wat 15,000 na dukan sa. Ko da kashi ɗaya cikin goma ne kaɗai ya ratsa ya shiga, an sami wat 1,500. A ƙara da abin da ke shigowa ta bangon ƙarfe da tagogi, da zafin jikin mutum huɗu, kowannensu kamar wat 100. Na'ura mai doki ɗaya kuwa iyakar zafin da take iya kwashewa wajen wat 2,600 ne, shi ma a ranar da zafin waje bai wuce kima ba. Ashe tsohuwar na'urar ba lalacewa ta yi ba, ɗiban ruwa take yi da ƙoƙo a cikin jirgin da ke yoyo.

Dattijon nan na gindin darbejiya bai san wat ba, bai san BTU ba, amma da ya zo ganin rijiya ya dubi ɗakin a tsakiyar fili, sai ya ce wa shugaban ma'aikatan, “Ɗana, wa ya ce ku ajiye tukunya a kan murhu sa'an nan ku shiga ciki? Ku yi mata rumfa mana.” Shugaban ya ce, “Baba, ai mun sa babbar na'ura.” Dattijo ya ce, “To, ita ma a yi mata rumfar, ta ji daɗin aiki.”

Haka aka yi. Aka ja ɗakin zuwa gindin itatuwa, aka juya shi yadda dogon gefensa ba zai fuskanci yamma ba. Aka kafa dirkoki, aka shimfiɗa zana a sama, aka bar tazarar kamu guda tsakaninta da rufin domin iska ta riƙa ratsawa. Aka rataya asabari a tagogi ta waje, aka toshe kafofin ƙofa da soso, aka yi wa sashen na'urar da ke waje 'yar inuwa ba tare da an tare masa iska ba. Duk kuɗin wannan aiki bai kai na man kwana biyu ba. Washegari da azahar na shiga ɗakin, na ji na'urar da a da ba ta tsayawa ta yi shiru tana hutawa, ɗaki kuma ya yi sanyi. Mai gyaran ya ce da tun farko an yi rumfar, da mai doki ɗaya da rabi ta wadatar, musamman irin ta zamani mai inbata, wadda ke tashi sannu a hankali ba ta fizgar wuta, da kuma ba a yi hayar wani janareta ba.

Ilmin da ke cikin gari

Wanda ya zaga cikin Machina zai ga wannan ilmi ko'ina. Tsofaffin ɗakunan ƙasa masu kaurin bango sukan sha zafin rana su riƙe shi, ba ya isa ciki sai dare ya yi, lokacin da masu gida sun fito tsakar gida da tabarminsu. Ɗakin ciyawa yana numfashi ta rufinsa. Randa tana tsatsafo ta jikinta, busasshiyar iska ta kwashe danshin ta tafi da zafin, ruwa ya yi sanyi ba wuta ba mai. Da wannan dabara ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Ba ina nufin a yar da na'ura a koma randa ba. Ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata da ma'ajiyar magani suna bukatar sanyin da zana kaɗai ba za ta bayar ba, haka ma tsoho da jariri a daren da iska ta tsaya cik. Amma a yau kwanon rufi ya mamaye garuruwanmu, ana gina ɗaki da bulo siriri ba silin, a sare itacen da ke tsakar gida, sa'an nan a ce na'ura ta yi ƙanƙanta.

Gashuwa da bakin kogi

Daga Machina na koma Nguru na nufi gabas zuwa Gashuwa, hedkwatar masarautar Bade, wadda ke bakin kogin Yobe. Gari ne mai kasuwar kifi da shinkafa, kuma tun da aka kafa jami'ar tarayya a 2013 gine-gine suka ƙaru. A bangon sababbin gidaje da ofisoshi na'urori ne jere, a kan rufi kuma faifan sola suna ta yawaita. Faifan nan suna da amfani biyu, suna ba da wuta a daidai sa'o'in da zafi ya fi tsanani, suna kuma yi wa rufin inuwa. Sai dai na'ura mai doki biyu tana son faifai da batura masu yawa, saboda haka a nan ma wanda ya rage zafin da ke shiga ɗakinsa shi ne ya rage kuɗin da zai kashe.

Ga wanda ke niyyar canja na'urarsa da babba, ko a ɗakin tafiya ko a kanti ko a gida, shawarar da tafiyar nan ta koya ita ce ya fara da wanke ragar tsohuwar, a duba ko gas ɗinta ya ragu. Sa'an nan ya dubi rufinsa, ya yi masa inuwa ko silin ko farin fenti. Idan bayan wannan har yanzu ta gaza, to, ya ƙara girma, amma ya tambayi alamar T3, ya auna janareta da waya kafin ya biya kuɗi. Kada kuma ya wuce gona da iri, gama na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki takan riƙa tashi tana mutuwa a kai a kai, abin da ke gajiyar da injinta.

Mutanen wannan yanki sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga yadda yashi ya binne gonaki inda aka sare itatuwa. Rijiyar da ma'aikatan nan suka haƙa za ta ba da ruwa shekaru masu yawa bayan an ja ɗakinsu an tafi da shi wani gari. Idan aka ɗebi kaɗan daga ruwan aka shayar da dashen darbejiya a bakinta, duk wanda ya zo bayansu zai tarar da inuwar da zai ajiye kayansa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sawwaƙe mana zafin bazara, amin.